Abin da Mozart Bai Rubuta Ba: Ofera, Addini da Al'adar Sakaya Zance

A ƙarshen watan Satumba na 2006, Deutsche Oper, ɗaya daga cikin manyan gidajen ofera uku na birnin Balin, ya sanar da soke wasanni huɗu da ya shirya yi a watan Nuwamba. Wasan da aka soke shi ne Idomeneo na Mozart, wanda a lokacin ya shekara 225 a duniya. Shugabar gidan, Kirsten Harms, ta ce hukumomin tsaro ne suka gargaɗe ta cewa wasan na iya jawo haɗarin da ba a san iyakarsa ba. Dalili kuwa wata fitowa ce a ƙarshen wasan, inda sarkin da ke cikin labarin yake zaro ƙerarrun kawuna huɗu daga cikin buhu yana jerawa a kan kujeru. Ɗaya an ce na Poseidon ne, gunkin teku na tsoffin Girkawa, ɗaya na Buddha, ɗaya na Annabi Isa (AS), ɗaya kuma na Annabi Muhammadu (SAW).

Musulmin da ya ji wannan ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da zai sa zuciya ta sosu. Kirista ma haka. Sai dai akwai wata magana da hayaniyar ta kusa binnewa: Mozart bai rubuta wannan fitowa ba, marubucin baitocinsa ma bai rubuta ta ba. Wani darakta ne Bajamushe, Hans Neuenfels, ya ƙara ta lokacin da ya shirya wasan a 2003. Abin da ya yi kuma ya saɓa wa wata tsohuwar al'ada da ofera ta rayu a kanta kusan shekara 400, wato taɓa zancen addini a sakaye. Wanda ya san yadda wannan al'ada ta samu da yadda ta warware zai fi gane abin da ya faru a Balin, zai kuma fi sanin inda ya dace ya ajiye fushinsa da inda zai iya sakin kunnensa ya ji daɗin kiɗa.

Gumakan da babu mai bauta musu

Ofera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa, ayarin makaɗa na raka muryoyin 'yan wasa. An haife ta a fadojin Italiya wajen shekarar 1600. Wasu masana da makaɗa a birnin Florence sun yi zaton tsoffin Girkawa rera wasanninsu suke yi, sai suka ɗaura aniyar farfaɗo da abin. Shi ya sa labaran farko daga tatsuniyoyin Girka suka fito: Euridice ta Jacopo Peri a 1600, da Orfeo ta Claudio Monteverdi a Mantua a 1607. A 1637 aka buɗe gidan ofera na farko a Venice wanda duk mai kuɗin shiga zai iya shiga.

Wannan zaɓi ya zo da wata riba. A Italiyar Kiristoci ta wancan ƙarni babu mai bauta wa Jupiter ko Neptune ko Apollo. Saboda haka marubuci na iya sa ɗan wasa ya ɗaga kai sama ya tuhumi Neptune da zalunci, babban malamin coci na zaune cikin 'yan kallo yana tafi. Tambayoyin da ake yi na gaske ne: me ya sa marar laifi ke shan wahala, ina iyakar biyayya, wane alkawari ne bai kamata a cika ba. Amma wanda ake tuhuma gunki ne da ya daɗe da rasa mabiya. Bahaushe ya san wannan hikima a habaici. Ba a kama suna, duk da haka kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Marubutan ba su tsaya nan ba. A yawancin littattafan baitocin da aka buga a ƙarni na 17 da na 18, akan sa wata gajeruwar sanarwa a farko, inda marubuci ke cewa kalmomi irin su ƙaddara da alloli da bauta adon waƙa ne kawai, shi kuwa ɗan Katolika ne mai imani. Da wannan sanarwa ake sayen izinin faɗin abin da ba a iya faɗi a fili.

Alkawarin sarkin Crete

Idomeneo ɗiyar wannan al'ada ce. Karl Theodor, basaraken Bavaria, shi ya ba da aikin, aka fara nuna wasan a Munich ranar 29 ga Janairu 1781, kwana biyu bayan Mozart ya cika shekara 25. Wanda ya rubuta baitocin, Giambattista Varesco, limamin coci ne a fadar Salzburg.

Ga labarin. Idomeneo, sarkin tsibirin Crete, yana komawa gida daga yaƙin Troy sai guguwa ta taso a teku. Cikin firgici ya yi wa Neptune alkawarin cewa in ya tsira, zai yanka masa mutumin da ya fara cin karo da shi a gaɓa. Ya tsira. Wanda ya fara gani kuwa ɗansa ne, Idamante. Sarkin ya ɓoye maganar, ya yi ƙoƙarin fitar da yaron daga ƙasar, sai wani dodo ya fito daga teku ya shiga halaka talakawa. A ƙarshe ya faɗi gaskiya a gaban jama'a. Idamante, bayan ya kashe dodon, ya miƙa wuyansa da kansa. Ilia, gimbiyar Troy da aka kamo a yaƙi, wadda take ƙaunarsa, ta shiga tsakani ta ce a yanka ta a madadinsa. Nan ne wata murya da ba a ganin mai ita ta yanke hukunci: kada a zubar da jini, Idomeneo ya sauka daga gadon sarauta, Idamante da Ilia su hau.

Mai karatu zai tuna da Annabi Ibrahim (AS) da ragon fansa, kuma kamar tana nan: uba, ɗa mai miƙa wuya, wuƙar da aka dakatar. Amma bambancin babba ne. Na Annabi Ibrahim umarni ne da jarrabawa. Na Idomeneo ciniki ne da matsoraci ya ƙulla da ran wani don ya ceci nasa. Labarin ya fi kusa da na Yefta a Littafin Mahukunta na Baibul, wanda ya yi irin wannan alkawari ya faɗa kan 'yarsa. Wani abin lura shi ne tushen da Varesco ya ɗauko, wato wasan Faransanci na Antoine Danchet wanda André Campra ya yi wa kiɗa a 1712. A can hauka ke kama sarkin ya kashe ɗansa. Varesco da Mozart suka juya ƙarshen, suka rufe da jin ƙai.

Lokacin da aka kusanci Littafi

Matsala takan taso ne duk lokacin da matsarin kiɗa ya bar gumakan Girka ya nufi addinin da mutane ke bi. A tsawon ƙarnoni uku, masu tsawatarwar kusan duka hukumomin Kiristoci ne.

A Rum, Fafaroma Innocent na 12 ya sa an rushe gidan wasan Tordinona a 1697, kuma a farkon ƙarni na 18 an yi shekaru ba a yarda a yi ofera a bainar jama'a ba. Handel, matashi daga Jamus, ya iso birnin a wannan yanayi, sai ya koma ga oratoriyo, wato labarin addini da ake rerawa ba tare da kwaikwayo ba. A bikin Ista na 1708 aka rera La resurrezione a gidan wani attajirin basarake, Ruspoli. Mace ce, Margherita Durastanti, ta rera ɓangaren Maryamu Magadaliya a daren farko. Fafaroma ya aiko da tsawa, washegari aka maye gurbinta da ɗaya daga cikin mawaƙan nan maza da ake dandaƙewa tun suna yara don muryarsu ta zauna siririya. A Rum ta lokacin, wannan ya fi sauƙin karɓa a kan muryar mace a gaban taro.

A Landan ma Handel ya sake gamuwa da irin haka. Masana tarihin kiɗa sun ruwaito cewa a 1732 Bishop na Landan, Edmund Gibson, ya ƙi yarda a kwaikwayi labarin Esther na Baibul a dandamali. Handel ya sa aka rera shi mawaƙa na tsaye, ba sutura ta musamman, ba motsi. Daga wannan hani oratoriyon Ingilishi ya samo asali. Dokar 1737 kuma ta ba wani babban jami'in fada, Lord Chamberlain, ikon duba kowane sabon wasa kafin a nuna shi, irin aikin da masu shirya fim a Kano suka sani a hannun hukumar tace fina-finai. Ofishin ya riƙe ƙa'idar cewa ba a fito da mutanen Baibul a dandamali.

Sakamakon wani lokaci abin dariya ne. Oferar Rossini a kan Annabi Musa (AS) a Masar, wadda aka fara yi a Naples a 1818, ta iso Landan a 1822 da sunan Pietro l'Eremita. Kiɗan bai canza ba, amma Annabi Musa ya koma wani mai wa'azin yaƙin 'yan salibi, Fir'auna kuma ya koma sarkin Musulmi. Nabucco ta Verdi, labarin Nebukadnezzar sarkin Babila, wadda ta fito a Milan a 1842, ta koma Nino a Landan a 1846, aka share sunan Bani Isra'ila daga cikinta. A Naples, Sarki Ferdinando na 2 ya hana Poliuto ta Donizetti a 1838 saboda tana nuna shahadar wani waliyyin Kirista, sai Donizetti ya tattara ya tafi Faris. A Trieste a 1850, masu tacewa suka yi wa Stiffelio ta Verdi kaca-kaca, don tana ƙarewa da fasto yana karanta Linjila a kan mumbari yana yafe wa matarsa da ta ci amanarsa. Verdi ya gaji, ya sake ta a 1857 da sunan Aroldo, faston ya koma mayaƙin salibi. A 1968 aka farfaɗo da Stiffelio a dandamali, a birnin Parma.

Abu biyu ne suka fito daga wannan jeri. Na farko, mai tacewa bai cika damuwa da kiɗa ba. Suna da sutura da abin da ido ke gani su ne damuwarsa. Na biyu, lulluɓin ba na adalci ba ne ga kowa. Addinin gida yake karewa, kuma bai ga laifi ba in an ɗora wa Musulmi rawanin Fir'auna don a kare shi.

Kan da ke kan faranti

Shekara ɗari kafin rikicin Balin, Turai da Amurka sun yi wani rikicin a kan yankakken kan wani annabi. Salome ta Richard Strauss, wadda aka fara nunawa a Dresden ranar 9 ga Disamba 1905, an gina ta a kan wasan Oscar Wilde da aka hana a Landan tun 1892. Labarin 'yar matar Sarki Hirudus ne, wadda ta yi rawa ta nemi ladan kan Annabi Yahaya (AS), aka kawo mata a faranti, ta rera masa doguwar waƙar sha'awa ta sumbace shi.

A Vienna, Gustav Mahler, shugaban gidan oferar fada, ya so ya nuna ta, mai tacewa ya ƙi, gidan bai nuna ta ba sai 1918. A Balin an yarda bisa sharaɗin a haska tauraron Baitalami a sama a ƙarshen wasan. A New York, gidan Metropolitan ya nuna ta sau ɗaya a Janairun 1907, sai attajiran da ke riƙe da ginin, J. P. Morgan na kan gaba, suka sa aka janye ta, ba ta dawo gidan ba sai 1934. A Landan, Thomas Beecham ya samu izini a 1910 bayan an cire sunan Yahaya, an gyara baitoci, an kuma hana nuna kan. Beecham ya ba da labari daga baya cewa da wasa ya yi zafi mawaƙan suka koma rera baitocin asali da Jamusanci, jami'an tacewa na zaune ba su lura ba, har suka zo suna yaba masa. Strauss kuwa ya ce da kuɗin wannan abin kunya ya gina gidansa na Garmisch.

A Salome, abin da ya ɓata wa mutane rai yana cikin rubutun kansa. Strauss ne ya zaɓi labarin, ya kuma yi wa sumbar kiɗa. Wanda ya ƙi Salome, da Strauss yake rigima. Wannan bambanci zai yi mana amfani in mun koma Balin.

Musulmi a dandamalin Turai

Shekara ɗaya da rabi bayan Idomeneo, a Yulin 1782, Mozart ya fito da wata ofera a Vienna, Die Entführung aus dem Serail, labarin wani Bature da ya je sato budurwarsa daga gidan wani basaraken Turkiyya, Pasha Selim. Wasan na ɗauke da raini irin na zamaninsa, musamman a kan Osmin, mai gadin gidan, wanda aka mayar abin dariya har aka yaudare shi ya sha giya. Amma a ƙarshe Selim ya kama masu gudun, ya gano saurayin ɗan babban maƙiyinsa ne wanda ya raba shi da duk abin da ya mallaka, sai ya sake su ba tare da fansa ba. Mutumin da ya fi kowa girman zuciya a wasan shi ne mai rawani. A nan ma da yafiya Mozart ya rufe.

Fito da Manzon Allah (SAW) kansa a dandamali kuwa, an gwada a ƙarni na 19 an ga iyaka. Gidan wasan Comédie-Française na Faris ya karɓi wani wasan kwaikwayo na Henri de Bornier a kansa, Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na 2 ya nuna ƙin amincewa ta hanyar jakadanci, gwamnatin Faransa ta hana wasan a 1890. A shekarar nan dai, shahararren ɗan wasan Ingila Henry Irving ya yi niyyar yin makamancinsa a Landan, Musulmi suka kai koke, ofishin Lord Chamberlain ya dakatar da shi. Ba tsoron Allah ne ya motsa gwamnatocin nan ba. Faransa na lissafin Aljeriya da Tunisiya da dangantakarta da Istanbul, Ingila na lissafin miliyoyin Musulmin Indiya. Amma dai an bi ta hanyar wasiƙa da jakada, aka kashe maganar ba tare da an zubar da jini ba.

Zamanin darakta

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa biyu suka sauya. Ofisoshin tacewa suka rufe: kundin tsarin mulkin Jamus ta Yamma na 1949, wanda aka rubuta da tunanin yadda 'yan Nazi suka hana littattafai da zane da kiɗa, ya ce fasaha 'yantacciya ce, Ingila kuma ta soke ikon Lord Chamberlain a 1968. A ɗaya gefen, gidajen ofera suka koma maimaita tsoffin ayyuka ƙalilan na Mozart da Verdi da Wagner da Puccini. Tunda kiɗan ba a taɓa shi, sabon abu sai ya koma hannun darakta, mai tsara abin da ido zai gani. A Jamus, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin gidajen wasa, darakta ya samu damar yin gardama da aikin da yake shiryawa. Neuenfels na cikin jagororin wannan salo. A Frankfurt a 1981 ya fito da Aida, gimbiyar Habasha ta oferar Verdi, a matsayin mai goge daɓe.

Hujjarsa a kan Idomeneo ita ce adawa da addini mai hukuma kowane iri, da nuna sarkin da ya 'yantar da kansa daga masu neman jinin ɗansa. Masu kare shi suna cewa tarihi cike yake da iyayen da aka sa suka ba da 'ya'yansu da sunan addini, kuma aikin mai fasaha ne ya faɗi haka. Maganar na da nauyi. Amma Mozart ya riga ya faɗe ta, kuma kowa a zauren Munich ya gane. Abin da Neuenfels ya ƙara shi ne jera gunkin da babu mai bauta masa tare da waɗanda biliyoyin mutane ke ambaton sunayensu da girmamawa kowace safiya. Ya yaye lulluɓin, ya kama suna. Ya kuma juya ma'anar ƙarshen, labarin da ya rufe da dakatar da wuƙa ya koma rufewa da sara.

A 2003 wasu 'yan kallo sun yi ihun ƙin amincewa, wasan ya ci gaba, babu abin da ya faru. Zuwa 2006 duniya ta canza. Zanen ɓatanci da jaridar Jyllands-Posten ta Denmark ta buga a Satumban 2005 ya jawo zanga-zanga a ƙasashe da yawa, kuma a Fabrairun 2006 an rasa rayuka a Maiduguri, ramuwar gayya ta biyo baya a Onica. Ranar 12 ga Satumba 2006 laccar Fafaroma Benedict na 16 a Regensburg ta sake tayar da ƙura. A cikin wannan yanayi wani kiran waya na wadda ba ta faɗi sunanta ba, mai nuna damuwa a kan fitowar, ya kai 'yan sanda ga rubuta gargaɗi. Harms ta nemi Neuenfels ya cire fitowar, ya ƙi, ta soke wasan.

Tana da uzuri, domin ran ma'aikata da na 'yan kallo na wuyanta. Amma babu wata ƙungiyar Musulmi da ta yi barazana. Sokewar ta sa Musulmin Jamus a kujerar wanda ake tuhuma da laifin da babu wanda ya aikata. Shugabar gwamnati Angela Merkel ta yi tir da rufe bakin kai saboda tsoro, Ministan cikin gida Wolfgang Schäuble ma ya soki matakin. Ranar 27 ga Satumba aka buɗe zaman farko na Taron Musulunci na Jamus, wanda Schäuble ya kira tun kafin rikicin, ya kuma fito ya ce mahalarta na son a dawo da wasan. Su kansu shugabannin Musulmin bakinsu bai zo ɗaya ba. Kenan Kolat, na ƙungiyar Turkawan Jamus, ya goyi bayan 'yancin fasaha. Ali Kızılkaya, na Majalisar Musulunci, ya ce fitowar cin fuska ce, ya yi maraba da janye ta. Daga baya 'yan sanda suka ce ba su ga takamaiman haɗari ba. Ranar 18 ga Disamba aka nuna wasan, 'yan kallo suka bi ta na'urar bincike kamar a filin jirgi, aka tashi lafiya.

Kada a ɗauka rigimar ta Musulmi ce kaɗai. Lokacin da BBC ta nuna Jerry Springer: The Opera a Janairun 2005, ƙorafi fiye da 50,000 ta samu, galibi daga Kiristoci, wata ƙungiyarsu ta nemi a gurfanar da shugaban tashar bisa laifin saɓo, kotu ta ƙi a 2007, a 2008 kuma aka soke dokar saɓon a Ingila da Wales. A Novosibirsk ta Rasha, wani darakta, Timofey Kulyabin, ya cusa siffar Annabi Isa (AS) cikin Tannhäuser ta Wagner. Babban limamin cocin Otodoks na yankin ya kai ƙara, kotu ta kori ƙarar a Maris 2015, amma ma'aikatar al'adu ta sallami shugaban gidan, Boris Mezdrich. A Rasha kamar a Balin, abin da aka yi faɗa a kansa babu shi a takardar matsarin kiɗan.

Abin da ya rage ga mai sauraro

Hukuncin sauraron kiɗa a wurin malamai babi ne daban, kowa da abin da ya riƙa. Ga wanda yake saurare, tarihin nan na ba shi ma'auni mai sauƙi. Kowace ofera hawa uku ce: kiɗa, baitoci, da shirin da wani darakta ya yi a wani gari a wata shekara. Biyun farko suna zaune a takarda. Na ukun yana tashi ranar da aka kwashe kayan dandamali. In an ce wata ofera ta taɓa addini, tambayar farko ita ce a wane hawa. In a baitoci ne, kamar Salome, mutum na da damar ya bar aikin baki ɗaya. In a shirin darakta ne, kamar Balin da Novosibirsk, ƙauracewa Mozart saboda Neuenfels horon wanda bai ji ba bai gani ba ne. Ana iya ƙin sayen tikiti, a rubuta suka mai zafi, a kai koke inda doka ta ba da dama, kamar yadda aka yi a 1890, sannan a koma gida a saurari ɗaya daga cikin ɗimbin faya-fayan Idomeneo da babu wannan fitowa a cikinsu.

Akwai kuma abin saurare. A kashi na uku akwai waƙar mutum huɗu, inda uba da ɗa da mata biyu masu son yaron ke rera baƙin ciki ɗaya, kowa da dalilinsa. Matar Mozart, Constanze, ta ba da labari bayan rasuwarsa cewa wata rana suna rera ta a cikin iyali, kuka ya ci ƙarfinsa har ya bar ɗakin. Akwai kuma muryar hukunci ta ƙarshe. Wasiƙun Mozart zuwa ga mahaifinsa, Leopold, sun nuna yadda ta dame shi. Ya ce baitocin sun yi tsawo, kuma muryar da ta fito daga gaibu in ta daɗe tana magana sai mai sauraro ya daina jin tsoronta, har ya kawo misalin fatalwar da ke cikin Hamlet. Ya sake rubuta wurin sau da dama yana ragewa. Ya yi sa-in-sa da shugaban gidan wasan don a ba shi masu busa manyan kakakin tagulla guda uku da za su raka muryar, kayan busar da a zamaninsa aka fi sani da kiɗan coci. Matashi ɗan shekara 25 ya gane cewa abin da ya fi ƙarfin mutum, in za a kawo shi gaban jama'a, a taƙaice ake kawo shi, daga inda ido ba ya gani.